Taba Ko Teɓa: Wanne Ya Fi Nauyi A Kan Sikeli?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan Juma'a lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Jama'ar Anguwan Rogo, manya da yara, da iyayenmu mata da ake kai wa wannan takarda har cikin gida, barkanmu da Juma'a.

Makon jiya bayan sallar Isha'i, ana ruwan nan mai shiga ƙashi, muna zaune a ofishin masallaci muna lissafin kuɗin gyaran rufi, sai ga wani ɗan'uwa ya yi sallama. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada, shekarunsa sun ɗan haura 40, yana da iyali. Ya yarda mu ba da labarinsa muddin ba mu ambaci sunansa ba. Saboda haka don Allah kada wani ya fita daga masallaci yau yana leƙen cikin mutane yana neman ko wane ne.

Shekara 22 ya yi yana shan taba sigari, kara 10 a rana, ran da kasuwa ta ɓaci ma ya wuce haka. Daren farko na azumin bana ya jefa ragowar kwalin a kwata, ya roƙi Allah Ya raba shi da ita. Ya kuwa daure. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, bai kunna ashana ba. Tarin asuban da ya dame shi ya ragu, uwargidansa ta daina shanya kayansa daban. Amma ranar Babbar Sallah da ya ɗauko kaftanin da aka ɗinka masa a Ƙaramar Sallah, sai kaftani ya ƙi zama a ciki. Ya je kasuwa ya hau sikelin da ake auna buhu, ya ga ya ƙaru da kilo 6. Kwana uku bayan layya ya tsaya wurin mai tebur ya sayi kara ɗaya. Yanzu ya koma inda ya fito.

Ga abin da ya ce mana: "Malam Sakatare, ni fa ba daɗinta ne ya mayar da ni ba, tsoro ne. Mahaifina ciwon suga ne ajalinsa, sai da aka yanke masa ƙafa. Shi mai jiki ne. Na ga cikina yana fitowa, na ga ina komawa kamanninsa sak. To in bar abin da zai kashe ni, in kama wani abin da zai kashe ni? Ai an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. In dai duka cuta ce, gara wadda na saba da ita."

Ba mu ba shi amsa a daren ba. Mun ce ya ba mu mako guda. Mun zauna da Malam Liman, mun kuma zauna da wani ɗan'uwanmu ma'aikacin jinya da ke sallah tare da mu, mun karanta abin da za mu iya karantawa. Abin da ke cikin wannan takarda shi ne amsar da muka haɗa, kuma mun ga ya dace kowa ya ji, don mun san ba shi kaɗai ne ke riƙe da wannan tambayar a zuciya ba. Tambayar ita ce: ya halatta mutum ya ci gaba da cutar da kansa da abu guda, don gudun wata cutar da yake ganin barin abin zai jawo masa?

Tsoron nan ba shirme ba ne

Bari mu fara da yi masa adalci. Wanda bai taɓa sha ba zai ce haba, wannan ai neman uzuri ne kawai. A'a. Ƙibar bayan barin taba gaskiya ce, kuma an san dalilinta.

Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana danne yunwa, yana kuma ɗan ƙara saurin da jiki ke ƙona abinci. Ran da mutum ya daina, yunwar da aka danne shekara da shekaru sai ta miƙe, jiki kuma ya koma ƙona abinci a hankali kamar na kowa. Ga shi hayaƙi yana dakushe harshe da hanci, to cikin 'yan kwanaki da bari sai ɗanɗano da ƙamshi su dawo. Masar da mutum ya saba ci ba tare da ya lura ba, sai ya ji kamar yau aka fara soya ta a duniya. Sannan ga sabon hannu. Mai shan kara 10, in kowane kara ya zuƙa sau 10, hannunsa ya je baki sau 100 ke nan a rana. Hannun nan ba zai zauna haka kawai ba, zai nemi ƙosai, ya nemi gyaɗa, ya nemi alewa.

A shekarar 2012 wata mujallar likitoci ta ƙasar Ingila mai suna BMJ ta fitar da wani bincike da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama. Abin da aka samu shi ne, a matsakaici, wanda ya bar taba yana ƙara kilo 4 zuwa 5 cikin shekara guda, kuma mafi yawan ƙarin yana zuwa ne a watanni 3 na farko. Wajen kashi 16 cikin 100 ma raguwa suka yi, wajen kashi 13 cikin 100 kuma suka ƙara fiye da kilo 10. Kun ga ɗan'uwanmu da kilo 6 ɗinsa bai yi nisa da sauran mutane ba. Kuma abin takaicin shi ne, ya koma ne daidai lokacin da ƙarin ya kamata ya fara lafawa. Ya ci wuyar, ya bar daɗin.

Ga ɗan kasuwa kuma akwai wani nauyin da likita ba ya aunawa. A wurinmu in mutum ya yi kumari, ba a cewa ya bar taba, sai a ce kuɗi sun zauna. Dangi daga gida su fara bugo waya. Wanda ke binka bashin buhu goma ya dubi cikinka ya ce, "Alhaji, ashe da kuɗina ake wannan teɓar?" Ga tela, ga tsadar yadi, kayan sawa duka sun matse. Wanda kuma aikinsa na ƙarfi ne, ɗan dako ko mai lodi a tashar Bauchi Road, yana tsoron jiki ya yi masa nauyi abinci ya gagara. Duk waɗannan ba abin dariya ba ne.

A ɗora su a sikeli

To amma mu 'yan kasuwa ne, ko 'ya'yan 'yan kasuwa. Ba ma yarda a ce mana buhu biyu duk ɗaya ne don kawai dukansu buhu ne. Sai an ɗora a sikeli. Maganar "duka cuta ce" ita ce wurin da lissafin ɗan'uwanmu ya karkace.

Malam Liman ya tuna mana wata ƙa'ida da malaman fiƙihu suka daɗe da kafawa: in cuta biyu suka haɗu, ba makawa sai an ɗauki ɗaya, to ƙaramar ake ɗauka don a tunkuɗe babbar. Akwai kuma 'yar'uwarta, cewa ba a gusar da cuta da wata cuta irinta, balle wadda ta fi ta. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa. Jikin nan amana ne, ba kayan shagonmu ba ne da za mu karyar da farashinsa yadda muka ga dama.

Wani zai ce ai malamai sun yi saɓani a kan taba. Haka ne, kuma saɓanin tsoho ne, har a ƙasashenmu na baƙar fata. Lokacin da taba ta shigo, babban malamin nan na Tumbutu, Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka ga halaccinta. Wani malamin ƙasar Bagarmi, Muhammad al-Wali, ya yi rubutu a cikin wannan ƙarnin yana haramta ta. Amma dukansu sun yi magana ne kafin a san abin da hayaƙi ke yi wa huhu. Sai a 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da binciken da ya danganta shan sigari da ciwon dajin huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a wani rahoto da ya girgiza duniya. Da ilimi ya bayyana, fatawa ta bi shi: a shekarar 2000 Muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar haramcinta. Mu dai a nan ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da muke nunawa shi ne, yau ba wanda ke jayayya cewa tana cutarwa.

Yanzu ga nauyin kowane buhu. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ta ce tana iya kashe har rabin masu shanta da ba su daina ba. Richard Doll ɗin nan da abokan aikinsa sun bi rayuwar dubban likitocin Ingila tun daga 1951 har 2001, shekara 50 cur. Suka gano mai shan taba har ƙarshen rayuwarsa yana rasa kimanin shekara 10 in aka kwatanta da wanda bai sha ba. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya ceto kusan duka goman. Mai shekara 40 ya ceto wajen 9, mai 50 wajen 6, mai 60 ma wajen 3.

Mun san ajali na hannun Allah, ba wanda zai ƙara daƙiƙa ko ya rage. Amma da wannan imanin muke kulle shago da kwaɗo biyu, da shi muke duba birkin mota kafin mu hau hanyar Hawan Kibo. Riƙon sababi bai saɓa wa tawakkali ba. A ɗaya ɓangaren sikelin me muka ɗora? Kilo 5, kaftani uku da za a buɗe wa ɗinki, da maganar mutane. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Maganar mahaifinsa

Sai dai ba mu taɓo inda ke yi wa ɗan'uwanmu ciwo ba tukuna. Shi ba kaftani ne ya dame shi ba, ƙafar mahaifinsa ce. A nan za mu faɗi gaskiya duka, har da ɓangaren da bai yi mana daɗi ba.

Eh, wanda ya bar taba ya ƙara ƙiba sosai, haɗarin kamuwa da ciwon suga yana ɗan hawa a 'yan shekarun farko kafin ya sauko. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna haka. Amma binciken nan ɗaya ya nuna cewa duk da ƙibar, waɗanda suka daina sun fi waɗanda suka ci gaba da sha tsira daga mutuwa ta ciwon zuciya da sauran cututtuka. Wani kuma da aka buga a 2013, kan mutanen garin Framingham na Amurka da aka daɗe ana bibiyar lafiyarsu, ya nuna haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya ragu da kusan rabi ga waɗanda suka daina, kuma ƙibar da suka yi ba ta goge wannan ribar ba.

Ga kuma abin da ɗan'uwanmu bai sani ba, wanda da ya ji shi sai da ya yi shiru. Taba ita kanta tana jawo ciwon suga. Rahoton babban likitan Amurka na 2014 ya ce masu shanta sun fi waɗanda ba sa sha haɗarin kamuwa da nau'in ciwon sugan da ke kama manya da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Ko siririn mashayi ma, sau da yawa kitsensa a cikin ciki yake taruwa, kusa da kayan ciki, wanda shi ne mafi muni. Sannan hayaƙi yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Mai ciwon suga da ke shan taba shi ne ya fi kowa kusa da ranar da za a ce sai an yanke. Wato wanda ya gaji haɗarin ciwon suga daga mahaifinsa shi ne ya fi kowa bukatar rabuwa da taba. Abin da ya ɗauka garkuwa, shi ne mashin.

Tun da muna maganar jijiyoyin jini, bari mu taɓa uzurin da aka fi ji a garin nan. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma tun zamanin kakanninmu da suka zo haƙar kuza ake cewa sanyin Jos sai da taba. Nikotin tsuke jijiyoyin fata yake yi, hannu da ƙafa su ƙara yin sanyi. Ɗumin da ake ji na ashana ne da na zuciya kawai. Rigar sanyi ta gwanjo ta fi shi aiki, ta fi shi araha.

Me ya sa sikelinmu ke ha'inci?

In lissafin a fili yake haka, me ya sa mutum mai hankali, wanda ba a iya cutarsa ko dankali ɗaya a buhu, ya kasa ganinsa? A ganinmu dalilin shi ne, ɗaya cutar ana ganinta, ɗayar ba a gani. Teɓa tana gaba, kowa na kallo, kai ma kana kallo duk sanda ka sunkuya alwala. Huhu kuwa yana ciki, ba ya magana sai ya gama lalacewa. Kilo 6 yau ne, ciwon daji sai bayan shekaru. Zuciyar ɗan Adam tana ƙara wa abin da ke kusa nauyi, ta rage wa na nesa. Kamar mai karɓar kaya bashi ne, yana murna yau don ranar biya ba ta zo ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, kuma ya shafe mu duka, mashayi da wanda ba mashayi ba. Sau nawa muke zaɓar ɓarnar da ke ɓoye a kan ƙaramin aibin da mutane za su gani? Mutum ya ci bashi mai ruwa ya yi biki don kada a ce ya gaza. Mutum ya ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsa don kada a ji. Kunya abu ne mai kyau, tana cikin imani, amma in kunyar idon mutane ta rinjayi kunyar Wanda Ya ba mu amanar jikin, to ta tashi daga kunya ta koma wani abu daban. Hadisi ingantacce a Sahihu Muslim ya sanar da mu cewa abin da Allah ke dubawa zukata ne da ayyuka, ba sura ba. Faɗin kaftani ba ya cikin tambayoyin kabari. Amma yadda mutum ya tafiyar da jikinsa, da inda ya kashe dukiyarsa, suna cikin abin da za a tambaye shi ranar hisabi.

Masu sayar da taba sun daɗe da sanin wannan raunin namu. A ƙarshen shekarun 1920, kamfanin da ke yin sigarin Lucky Strike a Amurka ya yi ta talla yana kiran mata su kunna sigari a maimakon shan kayan zaƙi, wai don kada su yi ƙiba. Ciniki ya hau. Kun ga tsoron teɓa tsohon ƙugiya ne, an yi kusan shekara 100 ana kama kifi da shi.

Kuma mu tuna ba mashayi kaɗai ke biyan kuɗin ba. Teɓar maigida ba ta sa yaro tari. Hayaƙinsa kuwa yana shiga ƙirjin jariri, yana tayar da asma, yana cutar da mai juna biyu, musamman a irin ɗakunanmu na haya da ake rufe taga ruf saboda sanyi. In mutum yana ganin yana da ikon zaɓa wa kansa cuta, to ba shi da ikon zaɓa wa 'ya'yansa. Ga kuɗi kuma: kara 10 a rana, kara 3,650 ne a shekara, kwali 182 da ɗoriya. Kowa ya buga da farashin yau, ya gani ko bai isa buɗe kaftani da ɗinka sabo ba, har a sami canjin kuɗin makaranta.

Amma kada a sauya ubangida kawai

Kada wani ya karanta wannan ya ce shi ke nan, Sakatare ya ce a bar taba a buɗe ciki. Ba mu ce ba. Wanda ya tsere daga bautar kara ya faɗa bautar kwano, ubangida ya sauya, bai sami 'yanci ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koya mana raba ciki uku, na abinci, na ruwa, na numfashi. Bambancin kawai shi ne, taba dole a bar ta gaba ɗaya, abinci kuwa gyara shi ake yi. Ƙiba abu ce da ake iya ragewa baɗi. Huhun da ya riga ya lalace ba ya komawa sabo.

Shawarar ma'aikacin jinyar nan ita ce kada a buɗe yaƙi biyu rana ɗaya. A fara kayar da taba, a riƙa lura da ciki a hankali, kada a shiga horon yunwa a makonnin farko, don yunwa da ƙishin taba in suka haɗu su ne ke kayar da mutum. Wahalar ta fi tsanani a makon farko, tana sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Shi kansa ƙishin in ya taso 'yan mintoci yake yi ya wuce. A wannan 'yan mintocin a sha ruwa, a yi alwala, a sa asuwaki a baki. Asuwaki sunna ne, yana ba hannu da baki aikin da suka rasa, ba ya ƙara ko giram ɗaya.

Inda ƙibar ta fi shigowa a wurinmu shi ne ta kofi da kwalba. Shayin mai shayi da madara da suga cokali huɗu, sau uku a rana, ga burodi. Lemon kwalba babba ɗaya yana iya ɗaukar suga cokalin shayi 10 ko fiye. Alewar da ake tsotsa don ɓoye wari, in aka mai da ita madadin kara, sai a shanye leda guda kafin La'asar. Goro ma a yi hattara, kada a fita daga wannan sabo a shiga wancan. Allah Ya ajiye mu a garin da ake loda karas da kokwamba da kabeji zuwa sauran jihohi. Ɗan'uwanmu a tsakiyarsu yake wuni, amma da yunwa ta taso ƙosai yake aika yaro ya sayo. Ga gwaten acca da ganye da maƙwabtanmu 'yan Filato suka iya, yana riƙe ciki ba tare da nauyi ba.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ba sai an sayi takalmin gudu ba. A sauka daga Keke tun kafin a iso, a ƙarasa da ƙafa. A tako zuwa masallaci sau biyar, ga lada a kowane taku. Mai iko ya riƙi azumin Litinin da Alhamis, wanda ya riga ya san daɗinsa tun da da azumi ya fara barin tabar. Wanda ke da ciwon suga ko hawan jini, ko yake da su a gida kamar ɗan'uwanmu, ya je asibiti a gwada shi, ya gaya wa likita yana barin taba, ya tambaya game da magungunan da ke taimakawa. Ga JUTH, ga asibitin ƙwararru na jihar Filato, ga ƙananan asibitocin unguwa. Gwaji ya fi zaman zullumi.

Namu laifin

Saura mu da ba ma sha. Da muka tambayi ɗan'uwanmu ranar da ya karaya, bai ce ranar da ya hau sikeli ba. Ya ce ranar da ya zo majalisa bayan sallar Idi, aka kwashe da dariya, wani ya dafa cikinsa ya ce, "Wata nawa ne?" Mutumin da ya yi kwana 100 yana yaƙi da ransa, ba wanda ya ce masa sannu da ƙoƙari, sai wannan. Shekara 22 yana busa hayaƙi a gabanmu ba mu ce uffan ba, ran da ya fara warkewa muka sami bakin magana.

Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Mun san wasa ne, ba da mugun nufi ba. Amma baki shi ke yanka wuya. In ka ga ɗan'uwanka ya bar taba ya yi jiki, abin da za ka ce shi ne, "Masha Allah, Allah Ya ƙara lafiya." In za ka taimaka, ka ce ya zo ku taka zuwa kasuwa tare. Iyayenmu mata, ku ma kuna da babban rabo. In maigida ya daina, a yi haƙuri da saurin fushinsa na makonnin farko, a rage mai da suga a girki ba tare da gori ba, kada a ce masa ya cika ci.

Masu tebur da masu shago a cikinmu kuma, dokar hana yaɗuwar shan taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Kara ɗayan nan da ake ganin ba komai ba ne, shi ne ƙofar da yaro ke shiga, shi ne kuma ƙofar da mai tuba ke komawa. Kowa ya duba tsakaninsa da Allah.

Jiya Alhamis ɗan'uwan ya dawo, muka karanta masa wannan kafin a kai wurin bugawa. Bai yi mana alkawari ba, mu ma ba mu nema ba. Ya ce zai je a gwada masa suga ranar Litinin, kuma ya kai kaftanin wurin tela a buɗe shi. Muka ce masa komawar da ya yi ba ta rushe kwana 100 ɗin nan ba, yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Yanzu ya san inda ramin yake. Duk wanda ke cikin irin wannan hali kuma yake son a haɗa shi da wani da ya riga ya daina, ya same mu a ofis bayan Isha'i, ba wanda zai ji.

Allah Ya ba shi ikon dainawa, da duk mai niyya irin tasa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da garinmu na Jos da jihar Filato lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin kwamiti.